Ranar da Yaya Milutin Ya Buɗe Taga

A ƙauyenmu, can gefen garin Pirot a ƙasar Sabiya, mutum zai iya shan taba shekara sittin ba wanda zai ce masa kanzil. Amma ya kuskura ya zauna tsakanin buɗaɗɗiyar taga da buɗaɗɗiyar ƙofa, to sai a fara yi wa matarsa jaje. Iskar nan mai ratsa ɗaki, promaya, ita ke kashe duk wanda likita ya rasa abin da ya kashe shi. Yayana Milutin ya fi kowa tsoronta. Shekara arba'in da aurensa, ban taɓa ganin taga da ƙofa a buɗe lokaci guda a gidansa ba, ko da ana zafin da kaji ke haki.

Wata Lahadi a watan Nuwamba, matarsa Desanka ta leƙo ta kan shinge.

"Radomir! Kai, injiniyan ƙarya! Zo maza, akwatin ya mutu."

Shekara talatin na yi a gidan waya, a ukun ƙarshe aka ajiye mini kwamfuta a gabana, shi ke nan ƙauye ya naɗa ni masani. Ni kuwa ban taɓa musantawa ba.

Na san abin da ya tayar mata da hankali. 'Yarsu Branka ta tafi Kanada shekara shida da suka wuce, ba da son ubanta ba. A bakin ƙofa ya ce mata in ta tafi kada ta kira shi, ita kuma da yake kansu ɗaya wajen taurin kai, ba ta kira ba. Da uwarta kaɗai take magana, ta kwamfutar da ta aiko. Yanzu ta haihu, ta ce za ta kira da ƙarfe huɗu ta nuna jaririn. In Baba yana kan kujera, to. In ta tarar da kujera babu kowa, ba za ta sake tambaya ba.

Na tarar da Milutin ya yi aski, ya sa kwat ɗin da yake zuwa biki da jana'iza da ita.

"Yaya, ina zuwa haka?"

"Ba inda za ni. Mutum ba zai sa kayansa a gidansa ba?"

Ƙarfe uku da kwata. Na kwashe ƙyallen saƙa da tulun fure da hoton aurensu daga kan akwatin, na danna maɓalli. Ya yi gurnani, ya yi ƙara sau biyu, wani farin rubutun Turanci ya fito a kan baƙin allo, sai ɗif. Na zare waya daga bango, na ƙirga goma, na mayar. Na hure kan kowace waya kamar mai hura wuta. Iliminmu na gidan waya ke nan gaba ɗaya, kuma a nan ya ƙare.

"Ka mare shi," in ji Milutin. "Tarakta ma da mari take tashi."

Na mare shi. Ban ji daɗin amincewa da shawararsa ba, amma na mare shi.

"Zazzaɓi ne," in ji Desanka. "Taɓa ka ji. Bari in jiƙo tsumma da ruwan tsami."

"Matar yaya, in kika kawo ruwan tsami kusa da nan, gida zan tafi."

"Ka tafi mana, me ka tsinana tun zuwanka?"

Sai dai ta yi gaskiya a abu ɗaya, akwatin ya ɗau zafi kamar tanda. Na karɓi wuƙar kicin na kwance murfin gefe. Can ciki, a naɗe jikin 'yar fankar da ke sanyaya shi, na hango wani abu ruwan toka. Na jawo shi a hankali, yana ta fitowa, yana ta fitowa. Safar ulu ce, saƙar hannu, har da faci a dunduniya.

"Safata!" in ji Milutin. "Tun jiya nake nemanta!"

Muka juya muka dubi Desanka. Ta gyara ɗankwali, ta dubi rufin ɗaki.

"Iska yake hurowa ta baya," ta ce. "Jiya da na ajiye wa yayanka kujera, na sa hannu na ji tana bugowa daidai ƙugunsa. Na san halinsa. Yana jin ta zai ce promaya, ya miƙe ya fita, yarinya ta tarar da kujera babu kowa. Sai na tura safar da tsinken saƙa. Na bar shi a kunne kuma, don kada yau ya ƙi tashi."

Na buɗe baki zan yi mata faɗa, na ga idonta ya ciko. Tausayinta ya kama ni, na haɗiye maganata.

Fankar ta ƙone, ko motsi ba ta yi. Shagon gari a rufe yake ranar Lahadi, wayoyinmu kuwa duka ukun masu maɓalli ne. Desanka ta ɗauko faranti tana yi wa akwatin fifita. Ya tashi, allon ya nuna hoton tafkin da ya saba nunawa, muka yi sowa, bayan minti biyu hannunta ya gaji ya sake ɗaukewa. Huɗu saura minti goma.

"Hanya ɗaya ta rage," na ce. "A kai shi bakin taga a bar cikinsa a buɗe. A buɗe taga, a buɗe ƙofa, iska ta ratsa shi."



"Gonata kake so ka gada?" in ji Milutin. "Ka faɗa kawai, ba sai ka kashe ni ba."

"To zauna da ƙugunka lafiya lau, Yaya. Ni na yi nawa."

Ya dubi agogon bango, ya daɗe yana dubansa. Sai ya miƙe, ya zare tsummokaran da aka cusa a gefen taga tun kaka, ya sa kafaɗa ya banke ta. Ya je ya wangale ƙofa ya tokare ta da bulo. Iskar dutse ta shigo da gudu, kalanda ta faɗo daga bango. Desanka ta rugo da bargo da hular sanyi, ya ture su.

"Haka za ta gan ni, kamar buhun dankali?"

Muka ja tebur, na danna maɓalli. Akwatin ya tashi, bai ɗauke ba. Milutin ya zauna a tsakiyar iska, ya dafe gwiwoyinsa kamar wanda za a cire wa haƙori.

Ƙarfe huɗu daidai Branka ta bayyana, jariri a kafaɗarta. Ta dubi ubanta, ya dube ta, ba wanda ya yarda ya fara. Sai na ga idonta ya bar fuskarsa ya koma kan labulen da ke ta kaɗawa a saman kansa, da 'yan gashinsa da suka miƙe tsaye.

"Baba," ta ce, "taga ce a buɗe?"

"Har da ƙofa," in ji Desanka daga baya.

Branka ta toshe baki da hannu. A gidan nan ta girma, ba sai an yi mata bayani ba. Kuka take, dariya take, ban iya rarrabewa ba, don ni ma idona ya yi ruwa.

Milutin ya yi gyaran murya, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allo.

"Juyo min da shi in gani," ya ce. "Ke! Haka kika bar min jika ƙafa a waje? Je ki sa masa safa, ina nan zaune, ba inda za ni."