Fuskar da Auta Ta Yayyaga

Gaɓoɓin yatsunta na fara gani. Ta ɗora hannu a kan kantar shagona tana jira in sallami wani mai neman hoton fasfo, hasken fitilar shago ya sauka a bayan hannun, sai na ga fatar ta yi wani ja-ja, gaɓoɓin kuwa suna nan baƙi ƙirin kamar an ɗiga musu tawada. Daga nan warin ya iso ni. Wanda bai taɓa zama da mai shafa man bilicin ba ba zai gane shi ba. Ƙamshin turare ne a sama, a ƙarƙashi kuma wani ƙarni da ba ya ɓuya idan gumi ya taso. Ni shekara da shekaru na yi ina shaƙar sa a jikin ƙanwata Auta, har ranar da muka ɗauko gawarta daga asibiti.

"Kawu, hoton makaranta nake so. An ce gobe za a rufe karɓa."

Ɗiyar Auta ce, ita kaɗai ta bari a duniya. Tun tana rarrafe take bina shago, har unguwa ta manta sunanta, kowa 'Yar Kawu yake ce mata. Bana ta gama sakandare, ta samu gurbi a makarantar koyon jinya.

Na zaunar da ita gaban farin labule, na leƙa ta cikin kyamara. Kyamara ba ta da kara. Ta nuna min kumatun da suka fara ɗashewa, da kunnuwan da har yanzu suke riƙe da launinsu na asali.

"Me kike shafawa?"

"Ba komai, Kawu. Man sanyi ne."

"Man sanyi a wannan zafin? Ke, tun ba a haifi uwarki ba nake kallon fuskokin mutane. Ni za ki yi wa wayo?"

Ta sunkuyar da kai, ta janye hannayenta ƙarƙashin mayafi. Na buɗe baki zan zazzaga mata masifa, don a nan fannin Allah ya hore min, sai na tuna irin wadda na zazzaga wa uwarta, da inda ta kai mu. Na haɗiye. Na wanke mata hoton, ta karɓa ta fita, ni kuma na zauna a kujerar da ta tashi. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban ji ba tun a bakin ɗakin wankin ƙoda.

* * *

Auta baƙa ce, baƙi mai sheƙi, ga wushirya, ga dariyar da ake ji tun daga bakin titi. Lokacin da nake koyon ɗaukar hoto ita ce abar gwajina, duk fim ɗin da na saya rabinsa a kanta yake ƙarewa. Amma tun tana ƙarama take jin magana ɗaya daga bakin masu zuwa gidanmu: "Yarinyar nan da fara ce, da an gama." Da yabo suke faɗa, wai su masu son ta ne.

Da ta girma ta samu aiki a wani babban kantin kayan sawa. Ita da ƙawarta aka ɗauka rana ɗaya. Ƙawar fara ce, aka ajiye ta a gaba tana tarbar masu saye. Auta kuma aka kai ta ɗakin ajiya na baya tana linke atamfa, inda ko taga babu. Ba wanda ya gaya mata dalili, ba ta kuma buƙaci a gaya mata ba.

Da sabulu ta fara. Daga nan sai haɗi, wanda wata mata take damawa a roba a ɗakinta tana sayarwa ba suna ba takarda. Daga baya har allura. Aka dawo da ita gaban kanti, ta yi aure, mijinta yana murna yana cewa ta yi haske. Wata rana ta zo gida ta ɗauki kundin hotunanmu, ta zauna a tsakar ɗaki ta bi su ɗaya bayan ɗaya, duk inda fuskarta ta dā take sai ta yayyaga. Na same ta cikin tarin guntaye.

"Yaya, don Allah kar ka kuma nuna wa kowa waccan."

Waccan ta ce, kamar wata baƙuwa.

Sauran labarin ba shi da daɗin ji. Fatar ta yi laushi har ta daina jure rana, ta daina jure zafin murhu, ƙaramin rauni sai ya yi wata bai rufe ba. Ta gwada dainawa, fuskar ta yi dabbare-dabbare, ta kasa fita ko ƙofar gida, ta koma shafawa. Ƙodar ce ta gaji a ƙarshe. 'Yar Kawu tana aji uku na firamare lokacin.

* * *

"In ka yi mata faɗa, ɓoyewa kawai za ta koya," in ji matata, tana kallona ina zaro tsofaffin akwatuna daga ƙarƙashin gado. "Wai me kake nema ne, ka tayar mana da ƙura haka?"

"Gani ya kori ji. Yarinyar nan ba ta taɓa ganin uwarta ba."

"Kamar yaya? Ita ta raine ta."

"Ba ta taɓa ganinta ba, na ce miki."

Auta ta yayyaga hotuna, amma ba ta san da negetif ba, wato ainihin fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa. Mai hoton da ya san aikinsa ba ya zubar da shi. Na same su a tsohon gwangwanin biskit, kowane zube cikin takardarsa. Wasu danshi ya manne su, wasu fumfuna ta yi musu zane, amma da yawa suna nan lafiya.

Ɗakin duhun da nake wanke hoto a dā ya daɗe da zama wurin ajiye kwalaye, ruwan wankin ma ba a samun sa a kasuwa yanzu. Sai dai ina da na'urar sikana mai fitila a murfi, wadda take iya karanta fim ta tura shi kwamfuta. Washegari na rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba. Na hure ƙurar da ƙaramin famfon roba, na goge da tattausan ƙyalle, na jera zuben a cikin maƙallinsa, na rufe murfi. Na'urar ta fara kukanta a hankali, ni kuma na ƙura wa kwamfuta ido.

Na zaɓi ɗaya. Auta ce zaune a kan matakalar bayan gidanmu, ta jingina da bango, ta juyo tana dariya don na ce mata kar ta motsa. Shekarunta a lokacin ba su wuce na ɗiyarta yanzu ba.

Aikin ya cinye min kwanaki. Kowace ƙura sai na bi ta na cire, kowane zanen fumfuna sai na ɗinke shi. Baƙar fata a hoto marar kala tana son haƙuri. Wanda bai iya ba zai mayar da ita dunƙulen duhu, alhali a cikinta akwai launi kala-kala: sheƙin goshi daban, inuwar ƙasan ido daban, taushin kumatu daban. Na yi gwaji a guntayen takarda, na farko ya fito da wani kore-kore don firinta ta cakuɗa tawadar kala, na hana ta, na ce baƙa zalla. Na biyu ya yi duhu, na uku ya shanye haske. Ina yi ina zagin na'urar, ina share ido da hannun riga.

A tsakanin nan kuma masu hoto ba su daina zuwa ba. Amarya, ɗalibi, mai neman aiki, har dattijo mai furfura, kowa idan ya leƙo allon kwamfuta magana ɗaya ce: "Mai hoto, a ɗan ƙara min haske." Ni kuma in ja ɗan maɓallin gefe, su yi murmushi su tafi.

* * *

Na aika a kira ta ranar da ba ta da karatu. Ta shigo a ɗarare, ta ɗauka faɗan da na haɗiye ne zan amayar.

"Zauna. Wani abu zan nuna miki."

Zuben fim ɗin yana kan kantar shago. Kafin in kunna kwamfuta ta ɗauke shi ta ɗaga saitin ƙofa, yadda take yi tun tana yarinya. Na manta ban gargaɗe ta ba cewa a negetif komai a juye yake, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi.

"Wannan Umma ce?" Muryarta ta ɗaga. "Kawu, Umma ce. Ashe tun asali fara ce. Wallahi na sani, na sha faɗa wa 'yan ajinmu ba su yarda ba."

Rabon da in ga irin wannan murnar a fuskarta tun uwarta tana da rai. Na nuna fim ɗin da yatsa.

"Dubi haƙoranta."

Ta ƙara ɗagawa. Haƙoran baƙi ne, farin bangon bayanta ma baƙi.

"A juye yake, 'Yar Kawu. Zo ki ga yadda yake."

Na zaro hoton daga ambulan na shimfiɗa a gabanta. Babba na yi, a takarda mai kauri marar ƙyalli, mafi kyawun abin da hannuna ya taɓa fitarwa. Auta tana dariya, rana ta kwanta mata a goshi da kafaɗa, wushiryar nan a fili.

Ta daɗe tana kallo. Ba ta taɓa shi ba.

"Wace ce wannan?"

"Uwarki ce. Kafin mai."

"Ba ta yi kama da ita ba."

"Da ke ta yi kama. Dubi goshin, dubi bakin. Je ki ɗauko madubi ki gani." Na matso kusa da ita. "Haka Allah ya yi ta, ba wadda ta kai ta kyau a layinmu. Man nan ne ya cinye ta da kaɗan-kaɗan ina kallo, na kasa komai. Ba zan iya sake zama a bakin wancan ɗakin ba. Ki ji tausayina."

Hawaye ya gangaro mata. Ta kai yatsa kusa da kumatun hoton, ta tsaya ba ta taɓa ba. A raina na ce alhamdulillahi, an dace.

"Tana da kyau," ta ce a hankali. "Amma ban san ta ba, Kawu."

"To ai ga ta, ki san ta."

"Kai ka san wannan. Ni wadda ta goye ni na sani." Ta share fuska da gefen mayafi. "Kun ɗauka don samari nake yi, ko don 'yan ajinmu. Ni idan na duba madubi ba na ganin Umma ko kaɗan. Kowa yana kama da uwarsa ban da ni. Da na fara shafawa, bayan sati biyu na tashi da safe na ga kamar ita ce take kallona. Na daɗe a gaban madubin, har na makara."

Duk maganganun da na tara a kwanakin nan, na ƙoda da na asibiti, ba ɗaya da ya dace da wannan.

"Za ka ba ni shi?"

"Naki ne. Don ke na yi."

"To a ɗan ƙara mata haske, yadda kake yi wa kowa. Ita ma ba za ta so a gan ta haka ba. Baba ya ce da hannunta ta yayyaga su."

"Ba zan yi ba."

"Kaɗan kawai, Kawu."

"Ko za a yanke hannun nan ba zan yi ba."

Ba ta yi musu ba, tarbiyyarta ba ta kai nan ba. Ta ciro wayarta, ta tsaya saitin hoton ta daidaita, yadda ni na koya mata, kar inuwarta ta faɗa a kai. Ta ɗauka. Sannan ta ɗora babban yatsanta mai baƙar gaɓa a ƙasan allon, ta fara jan maɓallin ƙara haske a hankali.

Ina tsaye a bayanta ina gani. Sheƙin goshin ne ya fara tafiya, sai inuwar ƙasan ido, sai taushin kumatu. Bangon baya ya narke. Abin da ya ɗauki ƙanwata shekaru, a gabana ya sake faruwa kafin in ja numfashi biyu. Dariyar ce kawai ta rage yadda take.

Ta ɗaga yatsan. Ta kalli allon, fuskarta ta saki, ta kai wayar ƙirjinta ta rungume.

"Yawwa," ta ce. "Yanzu na gane ta."

Ta durƙusa ta yi min godiya, ta ce in gaida Anti, wato matata, ta fita. Hoton yana nan a kan kantar shago inda na shimfiɗa shi.