Mamacin da Ya Kawo Ƙara

A Basra, zamanin da jiragen ruwa ke fita da dabino su dawo da barkono, an yi wani alƙali mai suna Zurara. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya yanke hukunci sai ya juya shi a zuciya ya sake juyawa. A shirayin babban masallaci yake zaman shari'a.

Wata rana gab da azahar, masu ƙara duk sun watse, sai wani mutum ya shigo ya durƙusa a gabansa. Dogo ne ramamme, fatarsa ta koɗe kamar wanda ya daɗe bai ga rana ba. Ya yi sallama, ya ce, "Allah gafarta malam, ni ne Budailu matuƙin jirgi, wanda ka ce ya mutu."

Zurara ya tuna da maganar. Shekaru da dama da suka wuce jirgin Budailu ya nutse, ba a ga gawarsa ba. Matarsa Sulafa ta jira iya abin da shari'a ta ce a jira, sannan shi Zurara ya yanke hukuncin cewa mijin ya rasu. Ta yi takaba, ta auri wani masaƙi, har ta haifa masa 'ya'ya.

Alƙali ya ɗauka matarsa ya zo nema, ko gidansa. Budailu ya ce ba ko ɗaya. Ya ce yana tune da ruwa na shiga hancinsa, yana tune da lokacin da ya daina kokawa komai ya yi tsit. Daga nan sai ya ga kansa yana tafiya a wata gaɓar teku, bai san yadda ya fito ba. Tun daga ranar abinci ba ya masa ɗanɗano, ba ya mafarki, in ya ratsa kasuwa kuma sai ya ga kamar mutane abin da ke bayansa suke kallo. Da ya iso Basra aka gaya masa alƙali ya riga ya gama da shi.

"Kai ne masani," in ji shi. "In ina da rai, ka warware hukuncinka. In kuwa na mutu, ka faɗa mini in huta."

Zurara yana da aboki tun suna samari, wani likita Banasare mai suna Sarjis, wanda limaman cocinsu ma suka gaji da bakinsa. Ya sha faɗa cewa ba wanda ya kai shi tsayawa a kan masu cikawa a garin nan, kuma bai taɓa ganin wani abu ya fita daga jikinsu ba. Shi ne alƙali ya aika aka kira. Sarjis ya kama wuyan hannun Budailu ya daɗe riƙe da shi. Ya ce jijiya na bugawa, sai dai a hankali. Da ya saki hannun, Zurara ya ga ya goge tafinsa a jikin riga.

Da yamma abokan biyu suka zauna a bakin magudanar ruwa, ƙarƙashin dabino. Sarjis ya fara tsiyar da ya saba.

"To, tsoho, ina ilimin? Shekara da shekaru kana ba ni labarin abin da ke bayan kabari, ga shi wanda ke zaune gabanka ma ka kasa cewa yana nan ko ba ya nan."

Zurara ya ce shari'a ba ta taɓa cewa ta san ɓoye ba. Abin da ya bayyana take bi, don kada mace ta tsufa tana jiran teku. Sarjis ya ce to ya bar abin yadda yake. A ganinsa Budailu rayayye ne, firgicin ruwa ne ya juya masa kai. Amma in aka tashe shi a shari'a, auren Sulafa ya shiga uku, 'ya'yanta su zama abin nuni a unguwa. Gara alƙali ya bar shi a matsayin mamaci kawai. Ƙarya ce, amma gida za ta rufa wa asiri.

Abin ya ba Zurara mamaki. Mutumin da bai yarda da komai ba sai abin da hannunsa ya taɓa, yau shi ke cewa a ƙaryata hannun. Sarjis ya ce saboda bai sa rai da wata duniyar da za a gyara ɓarna ba, shi ya sa yake gudun a yi ta a wannan. Zurara ya ce shi kuwa yana da ranar tsayuwa gaban Allah, ba zai kira mai rai mamaci da saninsa ba.

"Da saninka?" in ji Sarjis. "Ai ba ka sani ba."

Alƙali ya tashi ya tafi gida da maganar a ransa.

Aka nemi shaidu. Tsofaffin ma'aikatan jirgi suka zo, wani ya ce shi ne, wani ya ce Budailu bai kai haka tsawo ba. Da aka ce wa mai cewa shi ne ya rantse, sai ya sake kallon Budailu, ya ce a yi masa afuwa. Daga ƙarshe aka kira Sulafa. Ta tsaya cikin lulluɓi ta dube shi, shi kuma idonsa na kan tabarma. Ta daɗe, har masu kallo suka fara gyaran murya, sannan ta ce ba ta san shi ba. Zurara ya ga yatsunta sun damƙe gefen mayafi har sun yi fari, amma yatsu ba sa ba da shaida.

Ba shaida, ba abin warwarewa. Alƙali ya ce hukuncin farko yana nan.

Budailu bai ja ba. Fuskarsa ma ta sake, kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya yi godiya, ya sumbaci hannun alƙali da leɓɓa masu sanyi, ya fita ya kwanta a inuwar katangar masallaci. Masu zuwa la'asar ne suka tarar ya cika.

Da Sarjis ya juya gawar, ruwa ya zubo daga bakinta, ya yi ta zuba har ya jiƙa ƙasa ya gangara. Likita ya dangwala da yatsa ya kai harshe. Sannan ya ce akwai ciwon huhu da ke tara ruwa haka. Zurara ya tambaye shi ko ciwon yakan sa gishiri. Sarjis ya ce bai karanta duka littattafai ba, ya tattara kayansa ya tafi, ko tsokana ɗaya bai yi ba.

A matsayin baƙo aka binne shi, ba suna. Zurara ne ya ja sallar, da ya zo niyya kuwa ya rasa wanda zai ƙudurta.

Bayan kwanaki, da hantsi, Sulafa ta yi sallama a ƙofar gidansa. Ta tsaya daga soro ta tambaye shi ko akwai takaba a kanta. Ya ce mace ba ta yi wa baƙo takaba.

"Na san abin da shari'a ta ce, malam. Kai nake tambaya."

Zurara ya ce mata bai sani ba. Ta gyaɗa kai, ta gode, ta juya.

Ya ci gaba da alƙalanci har gemunsa ya yi fari fat, amma duk ƙarar da ta shafi wanda ya ɓace, na'ibinsa yake tura wa. Ita kuwa Sulafa, matan unguwa sun ce ta yi watanni ba kwalli ba turare, ba ta ko leƙa ƙofa. Masaƙin yana ganinta kullum a haka, bai taɓa tambayarta dalili ba.