Cokalin Sada

Shekarar da Jalingo ta zama babban birnin jiha kowa gini yake yi, Sada mai siminti kuwa kakarsa ta yanke saƙa. Ana nan sai wani mai gaishe-gaishe a rediyo ya kira shi hamshaƙin ɗan kasuwa, sunan ya bi shi. An ce suna linzami ne. Abin da ba a faɗa ba shi ne, ba dokin ke riƙe da shi ba.

Hamshaƙi dai ba ya zama a benci, ba ya cin abinci a bakin titi. Ba wanda ya kafa dokar, amma kowa ya san ta. Har Noah birkila, wanda suka buga bulo tare a Mayo Gwoi suna cin tuwo kwano ɗaya, ya daina leƙowa shago. In sun haɗu sai ya tuɓe hula. Wannan hular ta fi zagi ciwo a wurin Sada.

Ranar auren Godiya, 'yar Noah, a Abbare, mai sanarwa ya ɗaga murya: "Hamshaƙanmu, a hau babban teburi!" Aka zaunar da Sada tsakanin 'yan kwangila biyu da bai sani ba, suna ta zancen gwamnati. Daga can yana hango tsofaffin abokansa a gindin mangwaro, sun kewaye tire guda, Noah na ba da labari da tuwo a baki.

Ya sauko. Yana isa dariya ta ɗauke, kowa ya miƙe.

"Ranka ya daɗe," in ji Noah. "George, kawo kujera! Kawo cokali ma Alhaji!"

George, ƙanen Noah, ya kawo cokali har da goge shi da riga. Sada ya karɓa, ya jujjuya shi. In ya ci da shi, ya san shi ke nan tsakaninsa da su.

Sai ya jefa shi aljihu, ya naɗe hannun babbar riga, ya raɓa kan benci, ya wanke hannu a ruwan da kowa ya riga ya wanke. Ya kai hannu kan tsokar da ke gaban Noah.

Noah ya dubi naman, ya dubi Sada. Can ya buge masa hannu.

"Ɓarawo! Shekara nawa, ba ka bar halin nan ba? Matsa can, hamshaƙi, ka danne mini ƙafa."