Takardar Wata Uku

Yaya ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Tela ce, shekara ashirin tana kan keken ɗinki, kuma ko rigar da wani telan ya ɓata aka kawo mata, sai ta farke ta gyara, tana yi tana zagin wanda ya ɗinka. Halin nan ya yi mata rana a sana'a. A kan ƙanwarta Auta ne ya kai ta ya baro.

Auta ta dawo gidan Yaya da jaka ɗaya da idanu a zurme. Abin ya faro ne daga ƙwayar rage zafi da aka ba ta bayan tiyatar haihuwa. Zafin ya tafi, ƙwayar ta zauna, daga baya maganin tari ya biyo sahu, kwalba bayan kwalba. Mijinta malamin makaranta ne, kowa Malam yake ce masa, mutum mai sanyin hali har ya so ya yi yawa. Shekara huɗu yana tsintar kwalabe a bayan kabad kafin ya gaji. Bai sake ta ba. Cewa ya yi ta koma wurin yayarta ta nemi magani, 'yarsu kuma ta zauna a hannunsa. Yarinyar shekararta biyar, ana ce mata Aku saboda surutu. Ranar da asibiti ya ba da takarda cewa wata uku cur gwajin Auta bai nuna komai ba, ranar za ta dawo ɗakinta da 'yarta.

Sashen da ake duba masu fama da shaye-shaye yana can bayan asibiti, kusa da wurin wanki. Ɗaki biyu ne da baranda, sai kujerun roba da aka jera a zagaye. Yaya ta leƙa nan ta leƙa can, ta taɓe baki.

"Wane irin asibiti ne wannan, ko gado babu?"

Wata nas mai tabarau, wadda furfura ta fara cin gaban kanta, ta yi murmushi. "Nan ba ma kwantar da kowa. Zuwa ake a koma gida, don a gidan ne za ta koyi zama ba ƙwaya. Litinin, Laraba, Juma'a za ta zo ta sha magani a gabana. Laraba akwai zama da 'yan'uwanta masu irin lalurar. Litinin gwajin fitsari. Abu ɗaya muke roƙo, in ta zame a faɗa mana."

Yaya ta gyaɗa kai, amma ba abin da ya zauna mata sai wata uku. Tana komawa gida ta rataye kalanda a saman keke, ta fara kashe ranaku da allin da take zana yadi.

Makonni bakwai suka tafi lafiya lau. Da fari Auta ta sha wuya, ga amai, ga rawar jiki, ga masifa ba dalili. Sannu a hankali ta fara cin abinci kamar mutum, kumatu suka ɗan ciko. Tana sa wa Yaya maɓallai, tana guga, har tsiya ta dawo bakinta.

"Yaya, wannan hannun rigar na mutum ne ko na raƙumi?"

"Ke da ba ki iya zura allura ba sai kin rufe ido ɗaya? Yi mini shiru."

Ran Laraba takan dawo da labari fal baki. Akwai wani tsohon direba da giya ta raba da motarsa, shi ke sa kowa dariya. Akwai wata mai sayar da takalma da ta zame sau uku tana dawowa. Yaya ba ta son jin labaran nan. A ganinta ƙanwarta ba irin waɗancan ba ce, tsautsayi ne kawai ya faɗa mata.

A mako na takwas, ran Asabar da hantsi, Auta ta kira Malam ta ce a ba ta Aku. Yaya tana jin muryar yarinyar daga wayar: "Ka ce mata ina wasa." Auta ta ajiye wayar a hankali, ta ce za ta je sayo zare. Tafiyar minti goma ce, amma sai bayan awa uku ta dawo, ba zare, harshenta ya yi nauyi, idanunta suna lumshewa.  Yaya ba ta yi faɗa ba. Kalandar ta kalla, makonni bakwai da ta kashe da hannunta, ta ji kamar ta kurma ihu.

Washegari ta ɗauko wata 'yar kwalbar man keke da ta ƙare, ta wanke ta da sabulu da ruwan zafi har sau biyar. Ta jawo siket ɗin Auta, ta ɗinka masa ƙaramin aljihu ta ciki a wajen ƙugu, yadda kwalbar za ta manne da jiki ta riƙe ɗumi. Ɗinkin ya yi kyau ƙwarai, ko tela ɗan'uwanta ba zai gane ba. Ran Litinin da safe ta shiga banɗaki, ta fito ta miƙa wa Auta kwalbar.

Auta ta yi tsuru-tsuru. "Yaya, mene ne wannan?"

"Fitsarina ne. Ni ko maganin ciwon kai ba na sha. Sau ɗaya ne, ba za mu zubar da wahalar mako bakwai saboda kuskuren yini ɗaya ba."

Gwaji ya fito tas. Sai dai sau ɗayan bai tsaya a ɗaya ba. Mako biyu bayan nan Auta ta sake zamewa, kwalbar man keke ta sake aiki. A daidai ƙofar asibitin Auta ta ja ta tsaya, ta riƙo gefen rigar Yaya kamar lokacin da take ƙarama.

"Yaya, bari in faɗa wa Nas gaskiya. Wallahi abin yana jan ni. Mai takalman nan da ta faɗa, ba wanda ya kore ta."

"Mai takalma tana da 'yar da aka riƙe mata? Saura mako biyu, Auta. Mako biyu! In kika buɗe baki, lissafi ya koma farko. Kina so Aku ta manta kamanninki?"

Auta ta sunkuyar da kai, ta saki rigar. Wannan tsayuwar ta ƙofar asibiti ita ce ta fi damun Yaya daga baya. Auta ta nemi hanya da kanta, Yaya ce ta tare.

A ranar, likitan sashen ya duba fayil ɗin Auta yana murna. Ya ce irin wannan ci gaba ba kullum ake gani ba. Tunda gwaji goma a jere ba matsala, ba sai ta riƙa wahalar zuwa sau uku ba. Litinin kaɗai ta isa, za a ba ta maganin mako ta tafi da shi gida, zaman Laraba kuma ta bar wa sababbi kujera. Yaya baki har kunne, tana ta godiya. A cikin bas Auta ta jingina kai da taga ta ce, "Zaman Larabar nan shi ke riƙe ni."

"Ni zan riƙe ki," in ji Yaya, har cikin ranta kuma ta yarda za ta iya.

Takarda ta fito da hatimi da sa hannu. Yaya da kanta ta kai wa Malam. Kwana biyu bayan nan ta raka Auta ɗakinta da sababbin riguna uku da ta ɗinka wa Aku. Yarinyar ta yi ta noƙewa a bayan ubanta, can dai ta zo ta hau cinyar uwar tana ba ta labarin kyanwar maƙwabta. Yaya ta koma gida tana hawayen daɗi, tana ganin ta gama aiki.

Kwana tara aka yi. A na goma Malam ya dawo daga makaranta da rana ya tarar da hayaƙi ya cika kicin. Auta na kan kujera a falo, an yi an yi ta tashi ta kasa, ta haɗa maganin asibiti da maganin tari numfashinta na fita da ƙyar. Aku ta ga tukunya na ƙonewa, ta tashi uwarta ba ta tashi ba, sai ta taka kujera ta ce za ta sauke da kanta. Hannunta na dama ya ƙone daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Uwa da 'ya a mota ɗaya aka kai su asibiti.

Da aka sallami Auta, Yaya ta je sashen bayan asibiti ita kaɗai. Ta zauna gaban nas mai tabarau ta zayyana komai, har da aljihun. Nas ta cire tabarau ta murza idanu.

"Baiwar Allah, kin san abin da za mu yi da ta faɗa mana? Ranaku za mu ƙara mata, mu gyara maganin, shi ke nan. Iyaka takardar ta makara da wata ɗaya ko biyu. Duk wanda kika gani a kujerun can ya taɓa zamewa, don haka muke nan. Ke kuwa kin sa mun janye hannu a daidai lokacin da ta fi bukatarmu."

Yaya ta so a zage ta, ko ta ji sauƙi. Nas ba ta zage ta ba. Sabon kati ta ciro ta rubuta ran Litinin.

Aka koma farko. Wannan karon Auta ta zame a mako na uku, ta shiga da ƙafarta ta faɗa, aka mayar da ita zuwa kullum har na kwana goma. Yaya takan raka ta ta zauna a baranda, jaka a cinya, bakinta a rufe, abin da ba ta taɓa iyawa ba a rayuwarta. Kalanda kuwa ba ta sake taɓa ta ba. Wata biyar aka ɗauka kafin wata takardar ta fito, ta gaskiya, ba ko ɗigon ƙarya a ciki.

Auta ta ce ba za ta iya haɗa ido da Malam ba, don haka Yaya ta sake ɗaukar takardar. Ta same shi a ƙofar gida da yamma yana duba littattafan ɗalibai. Ya gaishe ta da ladabi kamar kullum, ya jawo mata kujera. Daga ciki ana jin Aku tana waƙa. Yaya ba ta zauna ba. A tsaye ta faɗa masa cewa takardar farkon ta ƙarya ce, laifinta ne, ita ta shirya komai, Auta ma ta so ta faɗi gaskiya ita ta hana. Ta ce ya hukunta ta yadda ya ga dama, amma kada ya haɗa da ƙanwarta. Sannan ta miƙa takardar da hannu biyu.

"Wannan ta gaske ce, Malam. Na rantse maka."

Malam ya rufe littafin da ke hannunsa. Bai ɗaga murya ba, bai kuma miƙa hannu ba.

"Yaya, ranar da kika kawo ta farko, ko buɗe ta ban yi ba. Me na sani game da gwajin asibiti? Fuskarki na kalla. Na ce tunda Yaya ce ta kawo da kanta, magana ta ƙare, na ɗauki 'yata na damƙa." Ya ajiye littafin. "Ina so in yarda, Allah ya sani ina so. Amma yanzu wa zan tambaya?"

 Yaya ta tsaya da takardar a hannu har Malam ya tattara littattafansa ya ce ta gaida Auta.