Shaidar Anti Eunice

Ummi ta ture hannun likitar a karo na uku, ta sulale daga kujera ta shige ƙarƙashin tebur. Zinatu ta duƙa za ta janyo ta.

"Ƙyale ta," in ji likitar, ta ajiye ɗan ma'aunin da take gwada faɗin idon yarinyar da shi. "Leɓenta na sama siriri ne, kwarmin da ke ƙarƙashin hancinta ya shafe, amma idanunta lafiya lau. Alama biyu ke nan cikin uku. Ba zan iya rubuta cewa giya ce ta taɓa ƙwaƙwalwarta tun tana ciki ba, sai wani ya shaida uwarta ta sha lokacin da take ɗauke da ita. Ku kuma a fom kun rubuta a'a."

Wata goma sha huɗu Zinatu ta yi tana jiran wannan rana. Ummi, 'yar ƙanwarta marigayiya Zarah, shekararta biyar, amma abin da aka koya mata da safe kafin azahar ya bi iska. Sau biyu makaranta na koro ta saboda cizo, kuma sun ce ba za su ba ta malama ta musamman ba sai da takardar likita.

"Ki dawo Alhamis ta sama," in ji likitar. "In babu shaida zan rufe fayil ɗin."

Tun a cikin bas ta kira yayansu Zuberu, wanda shi ya cike fom ɗin.

"Yaya, a'ar da ka rubuta a fom ta ja mana."

"Me kike so in rubuta? Zarah tana kabari, Zinatu. In tona asirin mamaciya a gaban Turawa, gobe labari ya kai Fagge? Yarinyar nan addu'a take buƙata."

"Shekara biyu muna addu'a, Yaya."

"To a ƙara." Ya kashe wayar.

Tana sauka a titin Rye Lane ta wuce ƙofarta, ta ƙwanƙwasa ta Anti Eunice, tsohuwar da ɗakinta ke kallon wanda Zarah ta zauna a ciki. 'Yar Kumasi ce, Kirista, amma a zango ta tashi, Hausa a bakinta kamar ruwa. Ciwon huhu ya kwantar da ita tun bazara. An kafa mata gadon asibiti a falo, robar iska a hancinta, talabijin na ta wa'azi babu mai kallo.

"Kin kawo mini sojana," ta ce, ganin Ummi ta haye ƙarshen gadon tana danna maɓallin da ke ɗaga shi. "Bar ta ta kai ni sama, dama can na nufa."

Zinatu ta bayyana mata komai, ta ajiye farar takarda da biro a kan bargo. "Layi biyu kawai, Anti. Ki ce kin gani, ki sa hannu."

Tsohuwar ta daɗe tana jan numfashi.

"Wata tara ina kwashe kwalaben Zarah ina zubawa cikin kwandon sharata, don mutanen masallacinku su ce na tsohuwar Kirista ne. Ta riƙe hannuna ta sa ni rantsuwa. Yanzu ina bakin tafiya kike so in karya?"

"Don Ummi ne, Anti."

"Ni kaɗai na gani? Ranar da ta faɗi a matakala da ciki wata shida, ni na riƙe kai. Wa ya riƙe ƙafa?"

Zinatu ta kawar da ido.

"Ke ce. Kin ji warin, kin ce maganin tari ne. Ba shaida kike nema ba, 'yata. Bakin aro kike nema, don a Kano a ce ba ɗan gida ya faɗa ba."

Zinatu ta fizge Ummi ta fita, ko sallama babu.

Amma ta koma. Ranar Asabar ta kai kunun gyaɗa, Anti Eunice ta sha cokali biyu ta ce hannunta na rawa, a bar takardar sai gobe. Lahadi matan coci sun cika falon da waƙa, babu wurin magana. Litinin ta same ta tana barci, baki buɗe, takardar a ƙarƙashin kofin shayi, ta yi zoben ruwa a tsakiya. Zinatu ta tsaya a kanta tana ji kamar ta girgiza ta, sai ta gyara mata bargo ta fita tana tsaki.

Talata da hantsi, tana dawowa daga kai Ummi makaranta, ta tarar da ƙofar a buɗe, nas tana naɗe robar iska. Anti Eunice ta cika.

"Ta bar wani saƙo? Takarda?"

Nas ta girgiza kai. "Ruwa kawai ta nema."

Zinatu ta zauna a matakala ta yi kuka, rabi na rashi, rabi na haushi. Wannan tsohuwa ce ta yi wa Ummi wankan farko, kuma ta tafi da layi biyu a cikinta.

Ranar Alhamis, a ofishin likitar, wayarta ta yi ta ruri a jaka, sunan Yaya Zuberu a kai. Ta kife ta a cinya.

"Kin samu shaidar?" in ji likitar.

"Ni ce. Ƙanwata ta sha. Na gani da idona, tun cikin yana wata uku har ta haihu."

"Kusan kullum, ko lokaci-lokaci?"

"Kusan kullum."

Likitar ta rubuta, ta juyo da takardar, Zinatu ta sa hannu. Duka bai kai minti biyar ba.

Da suka dawo gida, ma'aikatan ƙaramar hukuma na fitar da gadon asibitin Anti Eunice, sun tsaya shan iska a bakin lif. Ummi ta saki hannun Zinatu ta je ta kwanta a kan katifar da babu zanin gado, takalma a ƙafarta. Mutanen suka dubi juna, ɗayansu ya janye hannu daga maɓallin lif ɗin, suka jira.