Hatimin Apa Zauresh

"Aron yini ɗaya fa na ce, Apa. Ba kyauta na roƙa ba."

Tolegen, shugaban masu tsalle, ya faɗi haka yana juya kofin shayi a tafin hannunsa, idonsa na kan ɗan awartakin da ke rataye a ƙusa saman gadon tsohuwar. Uljan, wadda ta tsallako shinge daga gidansu da romon da mahaifiyarta ta aiko, ta tsaya cak a bakin ƙofa da kwano a hannu.

Kowa a ƙauyen ya san awartakin nan. Shekara arba'in da huɗu Apa Zauresh ta yi tana naɗe laimomi a ƙungiyar masu tsalle daga jirgi, can filin da ke bayan gonakin tuffa. Duk mai tsalle laima biyu yake ɗauka: babba a baya, da ta ko-ta-kwana a ƙirji, wadda ba a taɓa ta sai babbar ta ƙi buɗewa. In Apa ta gama naɗe ta ko-ta-kwana, sai ta ɗaure bakin jakar da jan zare, ta matse ɗan guntun dalma a kai da awartakin, lambarta ta fito: arba'in da ɗaya. Wanda ya ga lambar ya san yatsun Zauresh sun bi kowace igiya. Amma tun kaka ciwo ya kwantar da ita, ba ta sake taɓa laima ba.

"Me za ka yi da shi, Aga Tolegen?" in ji Uljan.

"Ah, Malama Sarkin Wasiƙa ta iso. Ajiye romon kada ya huce."

"Asabar baƙi goma sha biyu za su zo daga birnin Almati, tsallensu na farko. Mai duba kaya ma zai zo. So kake ka sa sabon hatimi a jakunkunan da ba wanda ya buɗe tun bara. Ƙarya na yi?"

"Ke yarinya, tsallenki nawa? Ɗari biyu? Nawa dubu huɗu ne. Laimomin nan sun girme ki, kuma ba su taɓa ba mu kunya ba."

"To ai abin da nake faɗa ke nan! Sun girme ni!"

Uljan malamar kimiyya ce a makarantar ƙauyen, Asabar da Lahadi kuma tana tsalle. Wasiƙa uku ta rubuta wa ƙungiyar a kan tsofaffin kayan nan, da lissafinta da komai. Ta farko aka yi dariya, ta biyu aka ce an gani, ta uku kuma ta tarar da ita an ɗora butar shayi a kai. Ba mugaye ba ne, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Mutanen kirki ne da suka saba da sa'a har suka ɗauka gadon gidansu ce. Sabo turken wawa.

Apa Zauresh na kwance tana kallonsu. Ta rame har zoben azurfarta ya koma babban yatsa. A bangon da ke gefenta zobban ƙarfe ashirin da uku ne a jere, kowanne da ƙusarsa. Al'adar filin ce: duk wanda ta ko-ta-kwana ta cece shi, ya kawo wa mai naɗi zoben da ya ja, da kwalin shayi. Na uku daga hagu na Tolegen ne.

"Tolegen," ta ce a hankali, "sha shayinka. Awartaki ba ya fita ɗakin nan. Kawo min laimomin gida, in gan su da kaina."

"Apa, a wannan halin?"

"Ƙafata ce ta mutu, ba yatsuna ba. Ni na kwaso su daga ma'ajiyar sojoji ranar da za a ƙona su, kai kana saurayi gashinka na nan. 'Ya'yana ne. Kawo su."

Ya fita yana murmushi. Uljan ta dire kwanon har romo ya fallatsa.

"Haba Apa! Ke ma? Ki taɓa su sama-sama ki matsa musu hatimi, shi ke nan?"

"Miƙo min cokali, 'yata. Baki ya yi miki yawa, kamar injin jirginmu kafin ya ɗau zafi."

Washegari da hantsi Tolegen ya sauke jakunkuna goma sha biyu daga bayan motarsa, ya ce zai dawo Juma'a. Apa ta sa aka fito da ita tsakar gida a kan kujera, aka lulluɓe ta da bargo. Ƙanƙara ta narke a ƙauyen, sai can kan duwatsu take fari fat. Uljan da Raushan, ƙanwar Apa da ke jinyarta, suka shimfiɗa dardumai tun daga bakin ƙofa har gindin tuffa.

"Tsinke zaren," in ji Apa. "Ja zoben."

Uljan ta ja. Farin ƙyalle ya kwararo kamar madarar da ta tafasa ta zubo. Ta ja shi ya miƙe, ta kawo gefensa kan cinyar tsohuwar.

Abin da ta gani daga nan ba ta taɓa ganin irinsa ba, ita da ta karanta littattafan aikin kaf. Apa ta rufe ido. Hannuwan da ke riƙe cokali da ƙyar suka daina rawa. Yatsunta suka shiga bin ɗinki ɗaya bayan ɗaya, suna tafiya kamar sun san hanyar gida. Ta kai ƙyallen hanci ta shinshina. Ta murza shi kusa da kunne ta saurara. Sai ta kama shi da hannu biyu, ta ɗora manyan yatsunta, ta danna.

Na farko ya riƙe. Na biyu ya riƙe. A na uku, yatsan ya ɓulla ta ɗaya gefen, ba ko ƙara.

Raushan ta yi salati. Uljan ta gane jakar, mai shuɗin faci a kusurwa. Ita ta ɗauke ta a ƙirji a tsallenta na ƙarshen bara, tana ta dariya a ƙofar jirgi.

"Kawo na huɗu," in ji Apa.

Sai da rana ta karkata suka gama. Biyar daga cikin sha biyu yatsa ya huda.

"To, bakwai suna da kyau ke nan?" Raushan ta tambaya.

"Rana ɗaya aka haife su, ɗaki ɗaya suka kwana. Wanda bai mutu yau ba yana kan hanya, kamar ni."

"Bari in kira Aga Tolegen yanzun nan," in ji Uljan, tana laluben waya. "Ya zo ya gani da idonsa!"

"Ya zo, ya ce a yi wa biyar faci, a tashi da bakwai. Kin san shi. Ke kuma ki yi ta ihu, ya ce yarinya ce. Zauna."

Uljan ta zauna a kan darduma, a tsakiyar farin ƙyalle.

"Apa, ke tsalle nawa kika yi?"

"Arba'in da huɗu. Shekara ɗaya, tsalle ɗaya."

"Shi ke nan?"

"Duk farkon bazara nakan juya baya, wani ya zaɓo min ɗaya cikin waɗanda na naɗe, in ɗauka in hau jirgi. Kuma ko sau ɗaya ban taɓa isa ƙofar jirgin ba tare da tsoro ya kama ni ba. Matsoraciya ce ni, 'yata. Su Tolegen jarumai ne, shi ya sa ban taɓa barinsu su naɗe wa kowa ba." Ta yi tari mai tsawo, Raushan ta goge mata baki. "Tsoron nan nawa shi nake naɗewa a cikin kowace jaka. Mutum ashirin da uku ya sauko da su."

Ta ɗaga kai ta dubi ƙanwarta. "Raushan, yadin da kika ce za ki sayo na jirtis, bar shi. Ga yadi nan."

Jirtis shi ne ƙyallen da ake yankawa a raba wa waɗanda suka zo jana'izar tsoho, kowa ya tafi gida da rabonsa na albarkar tsawon rai. Ba a ƙin karɓa, ba a kuma musa wa mamaci abin da ya zaɓa.

"Duka sha biyun?" in ji Uljan.

"Duka. Ke za ki riƙe almakashi, hannun Raushan ba ƙarfi. Za su iya korarki daga filin. Kin yarda?"

Uljan ta dubi sama. Tun tana 'yar shekara tara take leƙen fararen laimomi ta kan shingen nan suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Wani filin tsallen mafi kusa tafiyar yini ce.

"Na yarda."

"Kin ji tsoro?"

"Na ji."

"Madalla. Ɗauko magagari a akwatin kayan aikina, ki goge lambar da ke bakin awartakin. Sunana ne, da shi zan tafi."

Ranar Laraba da safe, Uljan na tsakiyar darasi, ta hango mahaifiyarta ta taga tsaye a ƙofar makaranta, ta ɗaura farin kallabi na makoki. Raushan ta ce Apa ta sha shayinta da madara, ta nemi a buɗe taga don ta ji ta ina iska ke busowa, ta ce, "Ta yamma ce, mai kyau." Daga nan ba ta ƙara magana ba, ta cika.

Alhamis matan unguwa suka cika gidan, wasu na suyar burodi, wasu na gyaran naman dokin da aka yanka. A ɗakin baya Uljan ta durƙusa da almakashi. Ta yanke igiyoyi tukuna, sannan ta shiga ƙyallen, kamu ɗaya-ɗaya. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Wannan wane irin jirtis ne, ko fure babu?" Raushan ta ce, "Na mai shi ne." Kafin la'asar almakashin ya sa yatsun Uljan sun yi bororo, ba ta tsaya ba.

Juma'a mutane suka zo fiye da yadda aka zata. Motoci har bakin gonaki. Wani matuƙin jirgi mai furfura ya zo daga birnin Astana, wata likita ta zo da 'ya'yanta uku, ta tsaya gaban bango ta nuna musu zobe na goma sha ɗaya, ta ce, "Wannan nawa ne. Ba don shi ba, da babu ɗayanku." Uljan ta tsaya tana ƙirga su a zuci, masu zobban da 'ya'yansu da jikokinsu, har lissafin ya ɓace mata.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, Raushan ta tsaya a bakin ƙofa da tire, Uljan na miƙawa. Tolegen ya zo a layi, idonsa jawur, don da kafaɗarsa aka ɗauki makarar. Ta sa masa rabonsa a hannu. Ya yi taku biyu, ya tsaya. Ya murza ƙyallen. Ya juyo.

"Uljan. Mene ne wannan?"

"Jirtis ɗin Apa ne, Aga."

"Guda nawa kika yanka?"

"Duka."

Wuyansa ya kumbura. "Kin san abin da kika yi? Gobe mutum goma sha biyu... Wallahi ke da filin nan—"

"Tolegen," Raushan ta katse shi, ba ta ko ɗaga murya ba, "a ƙofarta kake tsaye. Ta ce in ka yi faɗa, a ce maka ka gwada shi yadda ta koya maka."

Uljan na da jawabi a bakinta wanda ta shekara biyu tana tanadi, da lissafi da hujjoji. Ta haɗiye shi.

Tolegen ya kama ƙyallen da hannu biyu, ya ɗora manyan yatsunsa, ya danna kaɗan, irin dannawar wanda ke son ya nuna ba komai. Yatsun biyu suka ɓulla gaba ɗaya. Ya tsaya yana kallonsu ta cikin hujin. Matuƙin jirgin da ke bayansa ya gwada nasa, ya riƙe. Likitar ta gwada nata, ya yage har ƙasa.

Uljan ta ciro awartakin daga aljihun rigarta ta miƙa masa. Ya juya bakinsa ga haske, ya ga wurin lambar sumul, yana ƙyalli. Ya daɗe yana shafa wurin da yatsa.

"Ko a kwance sai da ta kama ni," ya ce. Ya share fuska da yagaggen ƙyallen. "Ke, Sarkin Wasiƙa. Wasiƙun nan naki, kina da kwafinsu?"

"Ina da su."

"Kawo min. Amma kada ki karanta min da bakinki, kaina na ciwo."

Asabar ta zo da sararin sama garau, irin ranar da masu tsalle ke roƙo. Uljan ta taka zuwa filin da hantsi. Ba baƙi, ba ƙarar inji. Jirgin na tsaye an rufe masa hanci da tamfol, tumakin wani na kiwo a ƙarƙashin fiffikensa. A jikin wayar shinge, kusa da inda Apa ke shimfiɗa teburin naɗinta, wani ya ɗaura ƙyallensa mai huji biyu, wasu kuma suka biyo baya suka ɗaura nasu. Uljan ta ciro nata ta ɗaura a ƙarshen layi.

Iska ta taso daga yamma, ta ɗaga su gaba ɗaya.