Ɓerayen Keji na Biyu

Aikinta a ɗakin binciken bai wuce kula da ɓeraye ba. Keji biyu ne: 'yan na farko ana ɗiga musu sinadarin seleniyam a ruwan sha, 'yan na biyu ruwa zalla. Bayan mako uku sai a haska su duka da injin ƙona ciwon daji, a ga ƙashin waɗanne zai jure.

Ita kuwa ta san aikin wannan haske. Da shi aka ƙona wa Inna ciwonta. Ciwo ya tafi, amma bayan shekara Inna ta sunkuya ɗaukar buta, ƙugunta ya ce ƙas, kamar busasshen kara. Ba ta ƙara tashi ba.

Shi ya sa kullum da safe, in ta iso keji na biyu, sai ta ji wannan ƙarar, hannunta ya ƙi wucewa. Sai ta ɗiga musu seleniyam ɗin su ma. Ɗigo biyu kacal, wa zai sani?

Ranar sakamako, Farfesa ya jera hotunan ƙasusuwan a tebur, ya daɗe yana kallo.

"Duka lafiya lau, babu bambanci," ya ce. "Ashe ba seleniyam ɗin ba ne. Mu rufe binciken, 'yata. Sannu da ƙoƙari."

Ta ɗauki jakarta, ta yi masa sallama.

Hanyar fitarta ta gaban ɗakin injin ce, inda mata masu ciwon daji suke jiran layi a benci. Wata tsohuwa ta sunkuya gyara takalmi. Ita kuwa ta tsaya cak, ta kasa kunne.